Marainiyar Lasifika

Duk wanda ya shiga kasuwa da niyyar sayen abu mai tsada, musamman irin kayan nan na lantarki, akwai tambayoyi biyu da yakan riƙe a ransa ko da bai furta su ba. Ta farko, wane ne ya ƙera wannan abu? Ta biyu kuwa, in ya lalace gobe, wurin wa zan kai kuka? Bisa al'ada amsar guda ce, watau kamfanin da sunansa yake manne a jikin kayan. To, amma yaya ke nan idan kamfanin ya riga ya rushe, ma'aikatansa sun watse, ba ofis, ba wakili, balle takardar garanti? Irin wannan kaya shi nake kira maraya, kuma a kansa nake so in yi ɗan tsokaci a wannan fitowa ta mujallarmu, domin ina da irinsa a ɗaki, na kuwa saye shi ido buɗe, ina sane da maraicinsa.

Kafin in yi nisa, ya kamata in share fage game da kalmar lasifika. Mun aro ta ne daga Turanci, kuma da an ambace ta sai hankalin yawancin jama'a ya tafi ga mai faffaɗan bakin nan da ake ɗaurawa a hasumiyar masallaci ko a kan motar masu tallar magani, wadda wasu suke kira amsa-kuwwa. Wadda nake nufi a nan dabam take. Ita akwati ce ta katako da ake ajiyewa a ɗaki, biyu-biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, a haɗa su da waya zuwa ga amfilifaya, na'urar da take ƙara wa sauti ƙarfi. An yi ta ne don ta fito da sauti kamar yadda aka ɗauke shi, ba ragi ba ƙari. Masu gyaran rediyo sukan taƙaita su ce sifika.

Mai karatu zai iya cewa, me ya haɗa ɗalibin Hausa da wannan ɗawainiya, alhali ga littattafai ma ba a gama saye ba? Abin da ya haɗa mu shi ne waƙar baka. A darasinmu na adabin gargajiya an ba kowa aikin ya zaɓi waƙoƙin wani makaɗi, ya saurara, ya rubuta su kalma bayan kalma, sa'an nan ya yi nazarinsu. Malaminmu kuwa ba ya karɓar "wataƙila haka ya ce". Waƙoƙin nan a yau a wayar hannu muke samunsu, an kwafo su daga tsofaffin kaset-kaset da faya-fayan garmaho, an sake kwafa, an kuma sakewa. Masu su sun riga mu gidan gaskiya. Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Alhaji Mamman Shata a 1999, Ɗanmaraya Jos a 2015. Ba wanda za a je a tambaya a ce, Alhaji, me ka ce a wannan ɗiya? Abin da ya rage shi ne muryar da na'ura ta riƙe, sai kuma kunnen mai sauraro.

To, ita 'yar lasifikar da take cikin waya faɗinta bai kai na ƙumba ba. Ba ta iya fito da sauti mai kauri, saboda haka gangar da take tafe a ƙarƙashin waƙa sai ta koma kamar ana ƙwanƙwasa gwangwani. In an ƙara mata murya kuma sai ta cakuɗa kome wuri guda, jagora da 'yan amshi da kalangu. Mu kuwa mun san harshenmu. Tsawon wasali kaɗai ya raba gari na zama da gari na tuwo, ɗan ƙaramin bambanci ne kuma ya raba kafa da ƙafa. Baƙaƙe irin su s da sh da ts da f, a cikin siririn sauti ake tantance su. Wanda na'urarsa ta haɗiye wannan, zai rubuta abin da makaɗi bai faɗa ba, ya kuma gina nazari a kansa, wani ya zo bayansa ya kwafa. Na gwada 'yan abin toshe kunnen nan masu araha, amma bayan awa guda kaina yakan ɗauki zafi, ga shi kuma mu huɗu muke aikin tare, muna bukatar mu ji a lokaci ɗaya mu yi musu a kai. Sabuwar lasifika ta ƙwarai ta fi ƙarfin aljihun ɗalibi. Wannan shi ya tura ni wajen 'yan gwanjo.

Tsofaffin kayan sautin da suke kasuwanninmu ta hanya biyu suka zo. Akwai waɗanda aka saya sababbi a nan ƙasar. Kwamitin Udoji ya miƙa rahotonsa a 1974, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi har da ariyas a farkon 1975, kuma iyayenmu suna ba da labarin yadda a lokacin aka yi ta sayen babura da rediyo da rikoda, har falon ma'aikaci bai cika falo ba sai da kayan sauti na Japan. Akwai kuma waɗanda suka shigo daga baya. Tun daga 1986, da aka shiga shirin nan na tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi, sabon kaya ya gagari mutane, sai aka koma ga waɗanda Turawa suka gama amfani da su, ana sauke su a Legas da Kwatano. Daga nan ne muka sami kalmar ɗan Kwatano. Sunayen da suka cika kunnen mutane a wancan zamani su ne irin su Sansui da Akai da Aiwa da Kenwood da Pioneer.

Tawa ƙirar Sansui ce, saboda haka bari in ɗan faɗi tarihinsa. An kafa kamfanin a birnin Tokyo a 1947, ya fara da ƙera taransifoma, daga baya ya shahara a duniya da amfilifaya da lasifika. Ma'anar sunan a harshensu ita ce dutse da ruwa. Lasifikokinsa na shekarun 1970 ana gane su tun daga nesa, domin fuskarsu saƙaƙƙen katako ne mai kama da tagar gidan sarauta. Da kasuwa ta juya masa baya, sai wani kamfanin Ingila mai suna Polly Peck ya sayi mafi yawan hannun jarinsa a 1989. Shekara ɗaya tak bayan haka shi ma Polly Peck ɗin ya durƙushe. Daga nan Sansui ya faɗa hannun 'yan kasuwar Hong Kong, ya yi ta jan ƙafa, har a 2014 aka tabbatar da karyewarsa. Ba shi kaɗai ba ne. Akai ya karye a 2000. Sony ya haɗiye Aiwa a 2002. Kamfanin Onkyo mai kayan sauti na gida ya bayyana karyewarsa a 2022.

Ga wani abu da ya kamata mai saye ya lura da shi. Kamfani yakan mutu, amma sunansa ba ya shiga kabari tare da shi, domin suna ma haja ne, ana sayar da shi, ana ba da hayarsa. Har gobe za ka iya ganin sabuwar talabijin ko rediyo a cikin kwali da ɗaya daga cikin sunayen nan a jikinta, alhali wasu mutane ne dabam suka ƙera ta a wata masana'anta dabam. Ban ce kayan ba su da kyau ba. Abin da nake cewa shi ne, wanda ya riƙe sunan a yau bai san tsohuwar akwatinka ta shekara hamsin ba, ba shi da kayan gyaranta, bai kuma ɗaukar maka alkawarin kome ba. Hausawa suna cewa suna linzami ne, amma a wannan kasuwa linzamin yakan koma bakin wani dokin.

Da na ƙudura niyya, sai na nemi rakiyar wani dattijo mai gyaran rediyo a unguwarmu, wanda tun muna yara muke ce masa Baba. Muka nufi Sabon Gari ranar wata Asabar. Ba abin da ya ɗauko sai sukuddireba da batirin tocila guda ɗaya da 'yar mitarsa ta awo. Ni kuma na riƙo wayata da waƙoƙin da na riga na san su sarai.

A shagon farko muka tarar da wasu akwatuna biyu masu sheƙi, da tambarin wani sanannen kamfani a goshinsu. Ni dai sun burge ni. Baba ya ce wa mai shagon, "Alhaji, a ba mu izini mu cire fuskar." Da aka cire, sai ya nuna mini da yatsa. Ramukan kusoshi sun zama biyu-biyu, tsofaffi da sababbi, alamar an cire ainihin kayan ciki an sa wasu. Ya kwance ɗaya, sai ga maganaɗisun da yake bayanta ɗan mitsitsi. Mai shagon ya rantse shi ma haka ya saye su, ba mu kuwa ƙaryata shi ba. Muka yi masa sallama. A hanya Baba ya ce mini, "Ɗana, akwati da tambari kowane kafinta zai iya yi maka. Abin da yake ciki shi ne kuɗinka."

Sai a shago na huɗu muka ga waɗanda na saya, an jingine su a lungu, ƙura ta rufe su, an ɗora tsohuwar fanka a kai. Abin da Baba ya yi musu shi ne ainihin darasin da nake so in isar, saboda haka zan faɗe shi dalla-dalla.

Da farko ya duba akwatin kanta. Ya ƙwanƙwasa gefe da gefe, ya kifa ta ya duba gindi, domin a nan ne ruwa yake kumbura katako, a nan ne kuma gara take fara shiga. Akwatin da ta buɗe a haɗi tana zubar da iska, sautin mai kauri kuwa da iskar cikin akwati yake samun ƙarfinsa.

Na biyu ya duba bakunan. Kowace akwati tana da babban baki mai faɗin inci 12 don sauti mai kauri, da matsakaici don muryar mutum, da ƙanana don siririn sauti. Babban bakin takarda ce mai siffar mazurari, an kewaye gefenta da wani abu mai taushi da yake ba ta damar motsi gaba da baya. In da soso aka yi wannan kewaye, to bayan shekara 15 ko 20 yakan ruɓe ya riƙa marmashewa a hannu, zafi da laima kuma suna gaggauta masa. In kuwa da ƙyalle aka yi, yakan daɗe ƙwarai. Waɗannan na ƙyalle ne, ko ɗigon yagewa babu. Sa'an nan ya buɗe yatsunsa ya danna takardar a hankali ta kowane gefe daidai wa daida, yana kasa kunne. In aka ji ƙarar gogayya, to naɗin wayar da yake ciki, wanda suke kira koyil, ya ƙone ko ya karkace. Shiru muka ji.

Na uku ya ɗauko batirin ya taɓa shi a wayoyin baya. Takardar ta yi tsalle gaba da ɗan sauti, ya juya batirin ta koma baya. Ya sa mita. A bayan akwatin an rubuta om 8, mitar kuwa ta nuna kusan 6. Na zaci aibi ne, sai ya ce haka lafiyayyiya take nunawa, abin tsoro shi ne a ga sifili, ko allurar ta ƙi motsi, ko kuwa akwatunan biyu su saɓa wa juna da yawa.

Na ƙarshe aka haɗa su da amfilifayar mai shago. Baba ya hana a ƙure murya. Ya ce in kusanta kunnena ga kowane baki ɗaya bayan ɗaya in tabbatar yana magana, musamman ƙananan, domin su ne suke fara mutuwa in an matsa musu, kuma mutum zai iya saye ya kai gida bai lura ba. Na sa muryar mai karanta labarai, na sa kalangun Shata, na sa kotson Ɗanƙwairo, na sa kuntigin Ɗanmaraya. A wata waƙa da muka kwana uku muna gardama a kan kalma guda, sai na ji jagora ya rabu da 'yan amshinsa, kowa a wurinsa, kalmar ta fito fili. An ce gani ya kori ji, amma a cinikin lasifika ji ne yake korar gani.

Mai shagon ya sa suna, na taya rabi, ya ce albarka. Muka yi ta ja har ya ce, "Ɗan makaranta, don Baba na sallama maka." Amma kafin in ƙirga kuɗi Baba ya sa sharaɗi, a gaban maƙwabcin shagon, cewa za mu gwada su kwana uku, in wani ɓoyayyen aibi ya bayyana za mu dawo da su. Alhaji ya amince. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk wanda ya karanta babin ciniki a Risala ya san an hana ɓoye aibin haja, kuma mai saye yana da zaɓin mayarwa in ya tarar da aibin da aka rufe masa. Ashe tun kafin a ƙago takardar garanti muna da tamu, ita ce amana da shaidu.

Me ya sa abin da aka ƙera tun kafin a haifi yayyena yake aiki har yanzu? Dalilin shi ne sauƙin ƙirarsa. Wasu injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric a Amurka, Chester Rice da Edward Kellogg, su ne suka bayyana wannan tsari a 1925: maganaɗisu, da naɗin waya, da takarda. Lantarkin da yake ɗauke da sauti ya bi ta naɗin wayar, ya ja ta ya tura ta a gaban maganaɗisu, takarda ta motsa, iska ta motsa, kunne ya ji. Shekara ɗari ke nan, asalin tsarin bai sake ba. Saboda haka ilminsa bai zama sirrin wani kamfani ba. Mai gyara a Kano ko Zariya ko Damagaram zai iya sake naɗa koyil, ya manna sabon kewaye, ya canza 'yan kafasitan da suke raba sauti tsakanin bakuna, waɗanda sukan bushe in sun tsufa. Daɗin daɗawa, irin wannan lasifika ba a sa ta a soket, daga amfilifaya take shan ƙarfinta, don haka hawa da saukar wutarmu ba ya isa gare ta kai tsaye. Amfilifayar ce abin kula, musamman wadda aka yi don cikin gidan Japan, inda wutarsu bolt 100 ce, tamu kuwa 230. Wanda ya sa ta a bango ba taransifoma, hayaƙi zai gani.

A gwada wannan da wasu lasifikokin zamani waɗanda ba sa aiki sai da manhajar waya da intanet, an kuma manne su da gam ba kusa ko ɗaya. Irin waɗannan ransu yana hannun kamfaninsu. Ranar da ya rufe, ko ya daina kula da manhajar, wani sashe na aikinsu ya tafi ke nan, ko da kuwa ba abin da ya ƙone a ciki. Marayun ma ashe iri biyu ne. Akwai wanda uban ya bar shi yadda kowa zai iya riƙonsa, akwai kuma wanda aka kulle aka tafi da mabuɗin.

Kada a ɗauka ina cewa duk tsohon abu nagari ne. Da tsohuwar zuma ake magani, gaskiya ne, amma ba kowace tsohuwar kwalba ce take da zuma a ciki ba. Akwai hasara a wannan ciniki, ya kuma kamata a faɗe ta. In ɗaya daga cikin ƙananan bakunan nan ya mutu, ba inda zan aika a kawo mini irinsa sak. Sai dai in nemi wata matacciyar akwati irin tawa in cire, ko in sa na wani kamfani in haƙura da ɗan bambancin murya. Suna da nauyi, kowane hutu sai na nemi mai taya ni ɗauka. Suna cin wuri a ɗakin da mutum huɗu suke kwana. In an ɗauke wuta sun zama teburi. Masana sauti kuma suna da ra'ayin cewa lasifikokin ƙwarai na yanzu sun fi na wancan zamani daidaita sauti, ban kuwa musa ba, kuɗinsu ne ba ni da shi. Har wa yau, lasifika ba ta mayar da abin da kaset ya riga ya zubar. Waƙar da aka ɗauka da ƙaramar rikoda a filin biki, da hayaniyarta za ta fito. Iyakar alkawarinta shi ne ba za ta ɓoye abin da ya rage ba.

Wannan ya isa ga mai aiki irin namu. Daga cikin waƙoƙi shida da ƙungiyarmu ta rubuta, wuraren da muka bari da alamar tambaya sun ragu ƙwarai, waɗanda suka saura kuma mun san matsalar daga ɗaukar take, mun kai su wurin dattawa masu sanin zancen makaɗan. Yanzu ranar Alhamis da dare ɗakinmu yakan cika, har da 'yan sashen kimiyya, waɗanda da ba su san waƙar fada tana da daɗi haka ba, domin a waya kaɗai suka taɓa jinta.

Shawarata ga 'yan'uwa ɗalibai masu sha'awar irin wannan ciniki ita ce, kada mutuwar kamfani ta tsorata ku, kada kuma tsohon suna ya ruɗe ku. Ku tambayi kanku, shin abin nan ana iya buɗe shi? Akwai mai gyaransa a garinmu? Ku tafi da wanda ya san aikin, ku biya shi ladansa da daɗin rai, ku tafi da sautin da kunnenku ya saba da shi, ku ƙi cinikin biri a sama, ku kuma nemi sharaɗin mayarwa a gaban shaida. Ga malamanmu kuma ina da roƙo. Sashe irin namu, wanda rabin adabinsa a cikin sauti yake, ya cancanci ɗakin sauraro mai kayan aiki nagari, ko da na gwanjo ne, tare da ajiyar waƙoƙin da aka kwafo daga mafi kyawun faifan da za a iya samu. Masu gyaran rediyo irin su Baba suna tsufa, yaran da suke koyon sana'a kuwa duk sun koma gyaran waya. In ba a yi haka yanzu ba, nan gaba za a nemi mai naɗa koyil a rasa, kamar yadda a yau muke neman wanda ya ji makaɗan nan da kunnensa.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu kunnen jin abin da suka bar mana, amin.